Tekun da Ya Riga Gwaggo Zuwa Gida

Asabar: Gorton zuwa Perry Barr

Tun kafin asuba Sumaila ya tsaya da tasinsa a ƙofar gidanmu da ke Gorton, a gabashin Manchester. Bai danna ham ba saboda maƙwabta, fitila kawai ya ƙyafta mini. Sumaila Bahaushen Ghana ne, maƙwabcina kuma abokin sahuna a masallaci. Ni kuwa ɗan Gusau ne, karatu ya kawo ni. Tafiyar tasa ce, ni ɗan rakiya ne, domin a wurinsu, kamar a wurinmu, ba a faɗa wa babba mugun labari ta waya, kuma mutum ɗaya ba ya kai shi.

Ga yadda abin yake. Gwaggonsa, Hajiya Azumi, ƙanwar mahaifinsa, ta tsufa a Birmingham tana aikin goge-goge a asibiti. Mijinta ya riga ta komawa garinsu, wani zango a bakin teku gabas da Accra, ya gina musu gida, ya rasu a can. Yanzu ta yi ritaya, ta ɗaure kaya, ranar Litinin za ta je ta sa hannu ta mayar wa council, wato hukumar gari, ɗakin hayar da take ciki. Wanda ya mayar da irin wannan ɗaki kuwa ya yi ban kwana da shi ke nan. Abin da ba ta sani ba shi ne teku ya cinye gidan tun daminar bara. 'Yan'uwa a can sun sani, amma duk sanda ta kira sai su ce, “Lafiya lau, ruwa ne ya ɗan taɓa katanga.” Sai da suka ga da gaske tahowa za ta yi, sannan suka ɗora wa Sumaila kayan.

Mun yi sallar asuba a wurin hutawar matafiya kusa da Stafford, a gefen mota, ana yayyafi. Na sayi shayi fam uku da ɗoriya, ruwan bunu, har yau ban yafe ba. Sumaila bai taɓa nasa ba.

“Malam Nura, ta ina zan fara?” ya tambaye ni.

Na ce, “Ka fara da salati.”

“Ai daga nan ta gane. Ga hawan jini, likitanta ya ce a riƙa lallaɓa ta. Ni kaina rabona da garin tun da muka binne Baba, ban san me zan kwatanta mata ba.”

Wajen ƙarfe takwas muka shiga Perry Barr. Ɗakin Gwaggo yana hawa na uku, da ƙyar muka sami wurin sa ƙafa don jakunkuna. Ta cika mu da wake da shinkafa irin na Ghana, da wani baƙin yaji da ya sa ni hawaye, ta yi ta yi mini dariya wai Zamfarawa ba su da baki. Sannan ta shiga nuna mana tsaraba: labule ruwan zuma na falon gidan, tukwane, sabuwar darduma. A ƙarshe ta ɗauko wani farin yadi a naɗe cikin leda.

“Likkafanina ne, daga Makka na zo da shi,” in ji ta. “Kusa da Alhaji za a sa ni. Na gaji da sanyin nan, ba na so in kwanta a cikinsa.”

Sau uku Sumaila yana gyara murya, sau uku yana ɓigewa da tambayar kuɗin jirgi. Na ji haushinsa, amma ni ma da aka ce in zo in taya shi, bakina cike yake da abincinta. Da la'asar sai ta ce tana da buƙata ɗaya: a kai ta ta ga tekun ƙasar nan kafin ta tafi, ta daɗe ba ta ji warinsa ba. Sumaila ya amsa da sauri, kamar wanda aka ɗaga wa ranar shari'a. A falonta muka kwana, tsakanin jakunkuna.

Lahadi: hanyar Wales

Bayan asuba muka kama hanyar yamma. Muka wuce Shrewsbury, muka wuce Welshpool, allunan hanya suka koma harshe biyu. Duwatsu ne da hazo da tumaki ba iyaka. Gwaggo tana gidan gaba tana zaɓen ragon layya ta taga, wannan ya yi, wancan ƙahonsa bai yi ba.

A hanyar nan babu shingen 'yan sanda, ruwa ne mai tare hanya. Dab da bakin teku muka tarar an gindaya shinge, wani ma'aikaci mai rigar ruwan ɗorawa ya ce toroƙon teku na daren jiya ya haye titi, sai mu zagaya ta tudu. Daga tudun na hango layin dogo yana bin gaɓa, an jibge masa manyan duwatsu a gefe, igiyar ruwa tana dukansu tana watsa kumfa har kan ƙarfen.

Kafin azahar muka isa ƙauyen. Ba zan faɗi sunansa ba, mutanensa sun gaji da 'yan kallo. Gidaje ne ƙanana a fili shimfiɗaɗɗe, bayan wata doguwar katanga. Da na hau katangar gabana ya faɗi. Ni da babban ruwan da na sani shi ne madatsar garinmu, sai ga teku a hannun dama ya cika ya batse, ga gidajen mutane a hannun hagu, kuma na rantse ruwan ya fi dokin ƙofarsu tudu.

Muka sayi kifi da dankali, fam tara-tara, a shagon wata dattijuwa. Gwaggo ba ta iya ganin mutum ta ƙyale, nan da nan suka saba. Matar ta ce an gaya musu ba za a yi ta gyaran katangar har abada ba, wata rana sai dai a tashi. Gidanta ba mai saye, 'ya'yanta sun koma birni, ita kuwa duk daren da iska ta taso da takalmi take kwana.

Muka zauna a wani benci a kan katangar. Gwaggo ta ja numfashi mai tsawo, ta ce warin ɗaya ne da na gida.

“Allah sarki, baiwar Allah,” in ji ta. “Amma su ma da ganganci. Wa ke gini a bakin ruwa haka? Mu namu, in ka fito daga teku sai ka wuce itatuwan kwakwa, ka wuce inda ake shanya kifi, ka wuce maƙabarta, sannan ka zo layinmu.”

Na taka ƙafar Sumaila. Ya ajiye kifinsa, ya durƙusa a gabanta a kan jiƙaƙƙen siminti.

“Gwaggo, ki yi haƙuri. Babu gidan. Teku ya ci shi tun daminar bara, har layin da ke bayansa. Don Allah gobe kada ki je council, kada ki mayar da ɗakin nan naki.”

Ta yi salati a hankali. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon ruwan, sannan na ga ta ɗaga hannu tana lanƙwasa yatsu: kwakwa, wurin shanya. A yatsa na uku ta tsaya.

“Sumaila, in ruwa ya zo gidan, ta ina ya biyo?”

Wallahi duk shirin da muka yi a hanya, ba wanda wannan ya zo wa a rai. Gida aka ce masa, gida ya riƙe. Na ga fuskarsa ta sauya, domin a maƙabartar nan mahaifinsa yake. Ya ciro waya, ya kira ɗan'uwansu a can, ya tambaye shi kai tsaye. Ya buɗe muryar wayar don mu ji.

“Yaya, wannan ai ta daɗe,” in ji muryar. “Mun kwashe waɗanda muka iya. Alhaji da Baba suna ta bakin ruwa, ba mu kai gare su ba. Ba mu so mu tayar muku da hankali ba ne.”

Mutumin da ya zo rarrashi, shi aka koma rarrashi. Gwaggo ta dafa kansa, ƙato da shi yana kuka kamar yaro, tana cewa, “Yi shiru, ɗana. Wanda ya ajiye su ya san inda suke.” Ni na juya baya ina kallon gidajen ƙauyen, baƙin ciki ya cika ni, nasu da namu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A hanyar komawa Birmingham ba wanda ya ƙara zancen tumaki.

Litinin: komawa gida

Da safe Gwaggo ba ta je ko'ina ba. Ta sa muka kwance jakunkuna, tukwane suka koma inda suka fito. Likkafanin ta miƙa wa Sumaila ya ɗora mata a saman kabad.

“Ka tambayar mini wuri a maƙabartar Musulmi ta nan,” ta ce. “Sanyin dai zan daure. Ka duba mini mai tudu.”

Da za mu fito ta cusa mini leda a hannu, ta ce ladan rakiya ne, kada in yi mata musu. Muka kamo hanyar arewa cikin ruwan sama da cunkoson manyan motoci, muka iso Gorton ana shirin azahar.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Sumaila da ya riƙe sitiyari da idanu jajur bai kauce ba, na gode wa Gwaggo da ta ciyar da mu alhali mu ne muka zo mata da abin da muka zo da shi. Da na buɗe ledar, labulen nan ne ruwan zuma. Na rataya shi a ɗakina. Ya yi wa tagar tsawo, yana jan ƙasa, domin da tagar wani gida aka auna shi.