Iri a Bayan Gilashi

A shekara ta biyu ta farin nan, lokacin da kowane magidanci mai hankali yake neman buhun dawa ko da daga Nijar ne, maigidana ya tafi kwas Sakkwato ya dawo mana da murhun gas. Malamin makaranta ne a Sabon Birni, Malam kowa ke ce masa, har ni. Wani malami baƙo ne zai koma ƙasarsu ya yi gwanjon kayansa. Malam ya tsallake katifa, ya tsallake keken ɗinki, ya rungumo wannan farin ƙarfe mai baki huɗu a sama da tanderun gashi a ƙasa. Ƙarti huɗu suka sauke shi daga babbar mota. Da na ga girman kwalin na ɗauka abinci ne, har guɗa na yi, kuma har yau ina jin haushin guɗar nan.

Tukunyar gas ɗin da aka haɗo masa da ita babu komai a ciki, a duk ƙasar Gobir kuwa ban san inda ake ɗura ta ba a lokacin. Wannan bai dami Malam ba ko kaɗan. Ya ce ba za a kai murhun madafa ba, hayaƙin kara zai ɓata shi. Aka ture gadona gefe, aka girke shi a ƙuryar ɗaki yana fuskantar ƙofa, aka shimfiɗa masa mayafina mai kyau a ka. Ni kuma na ci gaba da hura wuta tsakanin duwatsu uku ina hawaye yadda na saba.

Ba bakunan nan huɗu ne suka tafi da hankalin Malam ba, ƙofar tanderun ce. Taga ce da ita ta gilashi, faɗinta bai wuce faifai ba. Akwai wani ɗan littafi da ya zo da murhun, Malam ya haddace shi tsaf, ya mayar da ɗakina aji. Duk baƙon da ya yi kuskuren yin sallama sai an shigo da shi an tsugunar. Sai Malam ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ya bayyana cewa falle biyu ne da iska a tsakani, don na waje kada ya ƙona hannu. Ya nuna robar da ta zagaye bakin ƙofar, wadda ko iska ba ta ratsa ta. Sannan ya zo kan babbar hikimar: mai gashi yana ganin abincinsa ba sai ya buɗe ba, domin buɗewa ke fitar da zafi. Tsofaffin da suka kwana da ruwan ganyen tafasa a ciki sukan durƙusa gwiwoyinsu na ƙara, su leƙa tagar kallon abinci. Cikin duhu ne, saboda ƴar fitilar da aka yi masa lantarki take so, mu kuwa ba mu da shi. Abin da kowa ke gani kawai fuskarsa ce da ta rame. Su miƙe su ce Allah ya sanya albarka.

Doka ɗaya ya kafa, wadda ni ma ta hau kaina: ba a buɗe ƙofar. Yawan buɗewa na sassauta roba. Wata shida murhun yana ɗakina, ban ga Malam ya taɓa mariƙin nan ba sai da tsumman gogewa.

Na sha zama ina tunanin mutumin da ya ƙirƙiro tagar nan. Ko waye shi, bai taɓa zama da dangi a shekarar yunwa ba. Mu a nan rumbu ba shi da taga, kuma ba don ba mu iya huda laka ba ne. Ƙwarya tana da faifai, baƙo ba ya ɗaga shi. Idan ƴar'uwarki ta zo ta tambaya kika ce babu, ta san wataƙila akwai, ke ma kin san ta sani, amma tunda ido bai gani ba kowa ya tashi da mutuncinsa. Abin da ido ya gani kuwa ba a cewa babu shi, rabawa ake yi. Da wannan ƴar dabarar garin ya rayu shekarun nan ba a daina gaisawa ba.

Ina da abin ɓoyo. Da na je Tozai gaishe da mahaifiyata, ta kira ni ɗaka ta ɗaura mini tiya huɗu ta irin gero a bakin zane biyu. Irin gonar marigayi babanmu ne, mai nuna da wuri, wanda ko ruwa ya ɗauke da sauri yakan sa kai. Ita ta zaɓi zangarniyar da hannunta a kakar ƙarshe da aka samu wani abu, ta sussuka, ta cuɗe da toka saboda ƙwari. Ta ce idan na ci shi ban ci gero ba, daminar baɗi na ci. Gonarmu da ke bayan gari ba ta da wani iri sai wannan.

Maƙiyan irin nan uku ne. Na farko ɓeraye, waɗanda yunwa ta mayar da su ƴan ta'adda, sun huda buhu, sun ture marfin tukunya, har sabulu ci suke. Na biyu Malam, wanda na tabbata in ya gani zai ce a daka a yi fura, ai za a raba iri in lokaci ya yi, ya ji a rediyo. Na uku ni kaina, don akwai ranakun da nakan tsaya da taɓarya a hannu ina lissafin kunu nawa tiya ɗaya za ta yi. Wata safiya bayan Malam ya tafi makaranta, ina share gaban murhun, sai na ga abin da ya daɗe yana kallona. Ƙarfe ne, ɓera bai iya shi. Roba ta toshe ko'ina. Cikinsa duhu. Mutum ɗaya tak da ke da iko da ƙofar ya rantse ba zai buɗe ta ba. Ƙwarya ta ƙi shiga ƙarƙashin ragar ƙarfen da ke ciki, sai na juye irin a babban tiren gashin, ya yi tozo, na tura shi can ciki na rufe. Tokar ta sa ya saje da duhun.

Wata uku Malam yana koyar da jama'a hikimar ganin abin da ke ciki ba tare da an buɗe ba, da tiya huɗu ta gero a gaban hancinsa. Nakan zauna bakin ƙofa ina tsinkar ganyen tafasa ina sauraro. A shekarar nan babu abin da ya ba ni nishaɗi kamar wannan darasi.

Malam yana da yaya mace a Tsamaye, uwa ɗaya uba ɗaya, mijinta ya tafi kudu neman aiki ya bar ta da ƴaƴa uku. Ita ta wanke ni ranar da aka kawo ni gidan, kuma tun ranar ba ta kirana da komai sai matarmu. Yaya nake ce mata. Mace ce mai ban dariya, takan kwaikwayi tafiyar Malam da alli a hannu har in riƙe ciki. Wata ranar kasuwa ta biyo masu jakai ta zo, goye da autarta. Ban gane ta ba sai da ta yi magana. Muka gaisa, ta sha ruwa, ta ba ni labarin yadda matan ƙauyensu ke tona gidan tururuwa suna kwashe ƴan ƙwayoyin da suka tara, tana ba da shi kamar abin dariya. Can ta sunkuyar da kai ta tambaya ko akwai ɗan tsaki a gidan, saboda yarinyar ba ta riƙe ganye a ciki.

Muna zaune a ɗakina, murhun yana bayanta. Na ce mata wallahi ko ƙwayar gero ɗaya babu a gidan nan. Da na tsaya a babu, da al'ada ta rufe ni. Sai na ƙara da rantsuwa, ba wanda ya roƙe ni ita. Ta ce Allah ya kawo mana sauƙi, na ce amin, na tashi na jiƙa mata garin rogo.

Ana cikin haka Malam ya dawo, fuska cike da fara'a. Ashe ya daɗe yana jin zafin cewa ɗalibansa ba sa ganin cikin tanderun, ranar kuma ya samo magani a kasuwa: tocila sabuwa da batir sababbi. Ya ce Yaya ce za ta fara ganin yadda abin yake in fitilar ciki ta kama. Na ce ya bari ta ci abinci tukuna. Na ce yarinya na barci. Malam in ya ɗauko darasi ko gobara ba ta tsayar da shi. Ya tsugunar da yayarsa, ya yi bayanin falle biyu, ya yi na roba, ya manna tocilar a jikin gilashin ya kunna.

Gaskiyar mai littafin ne, ana gani sarai. Ko tsagin da ke jikin ƙwayar gero sai da ya fito. Malam ya buɗe baki, karo na farko tun da na san shi babu abin da ya fito. Yaya ta daɗe tana kallo, goshinta kusan a jikin gilashin.

"Kashe hitilag ga, ƙanena, batir na da tsada," in ji ta da harshenta na Gobir. Ta miƙe tana gyara goyo. "Da toka ciki. Wanga iri na, ba a cin shi."

Na kai hannu kan mariƙin ƙofar. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, hannun ya tafi ne yana fatan a hana shi, ta kuwa hana shi. Ta ci garin rogon, ta ba yarinyar, ta wanke kwanon da kanta. Na raka ta har zaure ina ta kame-kame, a nan ta tsaya ba ta dube ni ba.

"Da kin ce mini iri na, da ni da kaina za ni taya ki ɓoyo. Mu mun canye namu, na san abin da munka yi ma kanmu. Amma kinka rantse mini kamar wata baƙuwa."

Da na koma ɗaki na tarar da Malam ya samu bakinsa. Faɗan da ya yi mini ba na rantsuwa ba ne, ba na yayarsa ba ne, na roba ne da na sassauta da tokar da za ta karce masa tire. Kafin sati ya zagayo kuma ya gano cewa dabarar tasa ce tun asali, ai shi ya sayo akwatin da ɓera ba ya shiga. Ya so ya shigar da irin cikin darasi, na cire batiran tocilar na jefa su a masai, na ce ɓeraye ne. Wannan ƙaryar ban taɓa nadamarta ba.

Bayan sati uku aka aiko cewa autar Yaya ta rasu. A shekarun nan ba a cewa yunwa, zazzaɓi ake cewa. Muka je gaisuwa, ta amsa mini kamar yadda ta amsa wa kowa. Na sha gaya wa kaina cewa tiya ɗaya ba za ta tsayar da kwana ba, ita ma da bakinta ta ce ba a cin iri. Duk gaskiya ne. Amma ni na ga yarinyar tana tura garin rogo waje da harshe, ina zaune taku biyu da gero, kuma abin bai bar ni ba har yau.

Da ruwan shuka ya sauka na buɗe ƙofar a gaban Malam, na raba irin biyu, na hau motar kasuwa zuwa Tsamaye. Yaya ta karɓa, ta yi godiya mai tsawo, irin wadda ake yi wa mutumin da ba a sani ba. Daminar ba ta yi wani auki ba, ruwa ya ɗauke da wuri, amma geron babanmu ya sa kai a gonakin biyu. Malam ya zagaya gari yana sanar da cewa murhunsa ya ceci ƙauye biyu, har wani abokinsa ya fara tambayar ko za a yi wani gwanjon.

Bayan an yi girbi sai ga Yaya da ƙunshi a ka. Na ji daɗi har na rasa inda zan sa ta, na ce a raina ta huce. A wajenmu in ɗan'uwa ya ba ka abu ba a mayar masa da shi a mudu, dami ake aikowa ko ƙwaryar fura, ko a yi shiru, duk ɗaya ne. Ta zauna a gaban murhun, ta kwance ƙunshin, ta fito da tiyar awo da ta aro. Gero ne cuɗe da toka. Ta cika tiyar, ta share bakinta da gefen hannu don kada ƙwaya ɗaya ta yi sama, ta juye a tiren Malam. Ta sake cikawa, ta share, ta juye.

"Ga irinki, matar Malam. Ki auna ki gani, ni ƙunshina ba shi da gilashi."

Na ce Yaya, don Allah. Ta ce rana na yi, masu jakai ba su jira.

Murhun yana nan a bayan ɗakina, kaji ke ƙwai a cikinsa, kuma bai taɓa gasa ko gyaɗa ɗaya ba. Robar ta ruɓe tuntuni, fentin ya tashi, gilashin nan kuwa ko tsagewa bai yi ba. Yaya ta ƙara shekara ashirin da wani abu a duniya. Ba ta taɓa fasa zuwa suna ko biki a gidana ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kuma har ta koma ga Allah matar Malam take ce mini.