Komon da na sayo a kasuwar Buza

Ranar da na fara ɗora komo a cinyata, abin da ya fara zo mini a rai shi ne an cuce ni. Komo, ga wanda bai san shi ba, babbar garaya ce. Tsirkiya biyu gare shi kamar garaya, amma cikinsa rabin ƙaton duma ne da aka rufe da fata, wuyansa kuma ya fi hannuna tsawo nesa ba kusa ba. Wannan da aka miƙo mini ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, yana warin man shanu da tsohon gumi, tsirkiyoyin nan masu kauri kamar igiyar guga. Na kaɗa ta farko na jira in ji murya, sai na ji wani gurnani can ƙasa, irin na bijimin da aka ɗaure a bayan danga. Na kaɗa ta biyu, ita ma haka. Mai shi, wani tsohon makaɗin maharba daga wajen Kaita wanda yatsunsa suka ƙage, yana zaune yana kallona kusa da rumfar dukawa a kasuwar Buza.

Ya ce, "Kana yi mashi gaggawa, samari. Garaya magana taka yi, shi wanga nishi shika yi."

Na ce, "Baba, nishi kuwa akwai shi gidana, ba shi na zo saye ba."

Amma na saya. Na ba shi garayata, wadda mahaifina ya sassaƙa da hannunsa, na haɗa masa da ragon da nake kiwo. Ya karɓi garayar ya juya ta, ya dube ni kamar mai son ya hana ni, sai kuma ya fasa.

Ni makaɗin garaya ne tun tasowata, gadon gidanmu ne, a wani ƙauye kusa da Allakaye. Da damina mu yi noma kamar kowa, da rani mu bi maharba da gidajen biki. A zamanin da Nasara, wato Turawa, ke kwasar mutane aikin hanya, ni ma an kwashe ni sau biyu, amma ba wannan zan faɗa ba. Matata zan faɗa. Ƴar Sabon Gida ce, shekararmu huɗu da aure, Allah bai bar mana haihuwa ba. Kunne gare ta wanda ya fi nawa, wallahi ya fi. Ina daga zaure ina gwada kiɗa, tana can tana niƙa, sai in ji ta ɗaga murya: "Maigida, tsirkiyarka ta saki." In duba, ta saki ɗin. Haushi nake ji sosai, har in ce mata ta kula da dutsen niƙanta ta bar mini sana'ata. Ita ko dariya take yi.

Sai sanƙarau ya shigo mana da bazara. Ya ɗauki mutane a ƙauyen, har da ƙanena. Ita ya kwantar da ita kwana da kwanaki, wuya ya sanƙare, ba ta san wanda ke kanta ba. Da ta tashi muka yi ta godiya ga Allah, sai muka lura ana kiranta ba ta waiwayowa. Kunnuwan duka biyu sun tafi. An ɗiga mata mai iri-iri, an yi turare, an sha rubutu. Na ɗora ta a jaki har Madawa wajen lokotoro, wato likita, ya leƙa kunnen da wani ɗan ƙarfe, ya gaya wa tafinta cewa ba abin da zai iya. Muka dawo gida haka nan.

Magana ba ta bar ta ba, sai dai muryar ta daina yi mata biyayya. Wani lokaci ta fito da ƙarfi har maƙwabta su ji, wani lokaci ta shige ciki. Mata suka yi dariya a bakin rijiya sau ɗaya, ta gani a fuskokinsu, daga nan ta rage magana. Amma ta koyi wani abu da kanta. In ka zauna gabanta ka yi magana a hankali, tana kafa ido a bakinka ta tsinci rabin abin da ka ce, sauran ta cike da hankalinta. Damina guda muka yi haka. In mun dawo gona in zauna gabanta in ba ta labarin wanda jakinsa ya shiga gonar wane, ta gane, ta yi murmushi. Inna, mahaifiyata, ta fara cewa in sallame ta ta koma gidansu, wai ba ɗa ba kunne, zaman me ake yi. Na ce, "Inna, ki bar maganar nan." Abin da nake tsoro ke nan a duniya, ranar da za a zo a tafi da ita.

Bayan kaka, wata rana da hantsi, akuya ta ture babban turminmu ya faɗi a bayanta, tim! Sai na ga ta zabura ta waiwaya. Ina tsaye da igiya a hannu, na saki igiyar. Na ce a raina, ashe ƙofar ba ta rufe duka ba, ƙaramar murya ce ba ta shiga, babba tana shiga. In aka yi ta tura babbar murya kullum, ƙofar za ta buɗe. Ba wanda ya gaya mini haka, ni na haɗa wa kaina, kuma na yarda da shi kamar a allo na karanta. Garayata muryarta siririya ce. Shi ya kai ni Buza neman komo.

Hanyar dawowa na sha tsiya. Abin ba ya shiga jaka, ba ya zama a kafaɗa, in na rataya shi wuyan ya bugi ƙeyata, in na rungume shi ba na ganin duwatsun hanya. Wani Bafillace abokin wasanmu da ke kiwo a gefen fadama ya hango ni, ya kira ni da sunan da suke kiran Bahaushe, ya ce, "Kaɗo, jirgin ruwa ka sawo? Ina kogin?" Na ce ya bi shanunsa. Da na shiga gida Inna ta dubi komon ta dubi hannuna, ta ce, "Ina garayar ubanka?" Na gaya mata. Ta tafa hannu ta shige ɗaki, kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau ba.

Kwana uku na yi da shi a zaure kafin in bari matata ta gan shi a hannuna. Ban so shi ba, gaskiya. Yatsuna sun saba da gudu, a garaya sai ka yi ta zuba kamar mai shuka, shi wannan in ka yi gudu sai muryoyin su hau juna su zama taɓo. Dole ka kaɗa ka jira ta mutu, sannan ka kaɗa wata. Tazarar wuyan ta sa tsintsiyar hannuna ciwo, ɗan ɓallin fatar da ake kaɗawa da shi ya ci mini babban yatsa har ya yi kanta. Taken maharba da na sani tun ina yaro na gwada, ya fito kamar wanda aka tashe shi daga barci. Abu ɗaya ya ba ni mamaki. In na manna duman a jikina na ja tsirkiya mai kaurin, ina jin ta a cikina, ƙarƙashin haƙarƙari, har cikin haƙora. Garaya ba ta taɓa yi mini haka ba. Ban ji daɗin abin ba, yana sa mini wani nauyi a ƙirji irin na wanda aka yi wa rasuwa, amma na ce to, wannan ne maganin.

Rana ta huɗu da azahar tana zaune cikin ɗaki a kan daɓe tana tsince wake, bayanta na ƙofa. Na lallaɓa na zauna dab da ita, na dafa duman a ƙasa, na ja tsirkiya da ƙarfi. Ta waiwayo. Wayyo Allah! Na ajiye komon na fita tsakar gida ina cewa, "Inna, ta ji! Ta ji!" Har hawaye na yi, ni da gemuna. Ita ta biyo ni ƙofa tana kallonmu, ta ga ina murna, ita ma ta yi murmushi.

Daga ranar na zama wani mutum, kuma ba mutumin kirki ba. Gari na wayewa in ɗauki komo in nemi inda take. In tana niƙa in zagaya bayanta, in tana wanke-wanke in zagaya bayanta, don in ta gan ni gwajin ya ɓaci. In ta waiwayo in matsa baya taku ɗaya in sake. A cikin ɗaki kan daɓe tana waiwayowa. A tsakar gida kan rairayi ba ta waiwayowa ko na kusa tsinke tsirkiya. Wannan kaɗai ya isa ya gaya wa mai hankali abin da ke faruwa, amma ni na ce iska ce ke kwashe muryar. Ranar da ta waiwayo sau uku in ci tuwo da daɗi, ranar da ba ta waiwayo ba in ɓata rai, in ture ƙwarya, har na taɓa cewa da gangan take yi. Biki biyu aka kira ni na ƙi zuwa, ga shi ma ba garaya, wa zai yi rawa da nishi? Tir da ni. Wata biyu cur na yi ina wannan aiki.

Ban san ta aika gida ba. Wata mai sayar da daddawa da ke zuwa Sabon Gida ta ba saƙon. Ran nan da walaha sai ga kawunta da jaki, dattijo mai sanyin magana, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta. Muka gaisa a zaure, aka kawo masa fura. Ya sha, ya ajiye ludayi, ya ce, "Ɗiyata ta aiko in zo in tahi da ita. Ba ta ce ka buge ta ba, ba ta ce ka hana ta ci ba. Ta ce ta gaji."

Na ce, "Kawu, ta gaji da mi? Warkewa fa taka yi! Tashi ka gani da idonka."

Bai so ba, amma na matsa masa. Muka shiga. Tana zaune cikin ɗaki a kan daɓe, ta riga ta ɗaure kayanta a zane, ƙullin na gefenta. Kawu ya durƙusa a gabanta daga ciki, Inna ta tsaya a bakin ƙofa. Ni na zauna a bayanta na dafa duma a ƙasa, na ja. Ba ta motsa ba. Na sake ja, na sake, har ƙurar daɓen na rawa.

Sai ta yi magana, da muryar nan tata da ke fita da ƙarfi, idonta a kan kawunta.

"Kawu, shina bayana, ko?"

Kawu ya ɗaga kai alamar e.

Ta ce, "Na sani. Ina jin shi ga ƙasa, shina hawowa ta ƙashin bayana, kamar in an ka da turmi. Ba kunne ba ne. Tun rana ta farko na so in hwaɗa mashi, na ga shina kukan murna, na kasa." Ta gyara ƙullin kayan. "Da, in ya dawo gona gabana shika zama, in ga bakinai, in san abin da ake ciki ga gari. Tun da abin ga ya shigo gidan ga ban sake ganin bakinai ba. Kullum shina baya. Ni kaɗai ka zaune, Kawu. Ciwon bai bar ni ni kaɗai ba kamar yadda shi ya bar ni."

Inna ma, da ta fi kowa son a tafi da ita, ta sunkuyar da kai. Kawu ya dube ni ta saman kafaɗarta, ya yi mini alama da hannu in zagayo. Shi dattijo ne, bai zo don ya kashe aure ba, hanya yake ba ni. Na ajiye komon na zagayo, ya matsa mini na durƙusa gabanta.

Ta rame. Sai a lokacin na gani, wata biyu ƙeyarta nake kallo. Ta ɗago ido ta kafa shi a bakina, yadda take yi da, tana jira. Ta saki ƙullin kayan ma, na ga hannunta ya sauka a cinya. Da ko sannu na ce mata a lokacin nan, da ta zauna, na tabbata. Ina da abin faɗa cike da ciki, kunya na ci na, tausayinta na ci na. Na buɗe baki a hankali yadda za ta gane, kuma har yau ban san daga ina maganar ta fito ba.

Na ce, "Amma dai kin ji shi ke nan, ko?"

Ta gane. Kowace kalma ta tsince ta. Ta ɗan ƙara kallon bakin ko akwai saura, ta ga babu. Ta ɗauki ƙullinta ta miƙe, ta durƙusa wa Inna ta yi mata sallama, Kawu ya kwance jaki. Na bi su Sabon Gida sau biyu kafin damina, ana fito da ita ta gaishe ni, idonta a ƙasa. Ba ta sake duban bakina ba.