Tsayuwar Jalmari da Ƙafa Ɗaya

Ranar Talata ce, ina cikin daji ina ɗaure gumagumai a bayan mota, wayata ta yi ƙara. Marjatta ce, mahaifiyar Jalmari. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Otso, abokinka ya faɗo daga rufi. Kada ka yi gudu a hanya, ya riga ya cika." Na zauna a kan wani kututture, injin yana ta ruri, har sanyi ya ratsa wandona ban sani ba.

Tare muka tashi a garin Kuhmo, shingen katako ne kawai tsakanin gidanmu da nasu. Kafin mu iya rubuta sunayenmu mun iya gudu da takalmin sulɓi a kan ƙanƙara. Ni na bar wasan hoki, wanda ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara, da wuri, ƙafata ba sauri, kaina kuma ba na boko ba, sai na bi babana tuƙin motar katako. Shi kuwa ɗan baya aka haife shi. Yara duk cin raga suke so, Jalmari abin da yake so shi ne ya tsaya gaban golansa ya hana. In aka ɗirko faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo, mai tauri kamar dutse, kowa kaucewa yake yi, shi sai ya zube da gwiwa ɗaya ya tare da jiki. Da yamma a sauna, ɗakin wankan tururi, ya riƙa nuna mini tabban, wannan kore, wancan shuɗi, yana kiran kowanne da sunan wanda ya buga.

Yana shekara goma sha tara wata babbar ƙungiya a kudu ta ɗauke shi. Ni na kai shi tashar jirgin ƙasa ta Kajaani, da sandunansa da baƙin burodin da Marjatta ta gasa masa. Bai rungume ni ba, mu ba ma yi. Ya doki kafaɗata ya ce in bar kallonsa kamar wata tsohuwa.

A can, kafin a fara kakar wasa, likita yakan gwada kowane ɗan wasa tun kansa yana lafiya. A karanta maka kalmomi ka maimaita, ka jero watanni da baya-baya, ka rufe ido ka tsaya da ƙafa ɗaya. Ranar da aka buge ka a kai sai a sake gwajin, in ba ka kai yadda ka yi da farko ba, a zaunar da kai har ƙwaƙwalwa ta huta. Abu ne mai kyau. Amma akwai wani tsohon ɗan wasa, Tuomo, wanda haƙoransa na gaba duk sun zube a fili, ya ja Jalmari gefe ya koya masa yadda ake yi: ka manta kalma ɗaya ko biyu da gangan, ka yi ɗan tangaɗi da gangan. In ka saukar wa kanka ma'auni tun farko, ko an fasa maka kai za ka tsallake. Ya ce masa sabon yaro in ya daɗe a benci, ranar da ya dawo zai tarar da wani a cikin rigarsa.

Jalmari ya ba ni labarin a waya yana ta dariya. Mutumin da ke iya ɗaura igiyar takalmi a tsaye da ƙafa ɗaya cikin kwalekwale, wai shi ne ya yi ta layi gaban likita kamar mashayi ranar bikin tsakiyar bazara. Na ce, "Kai ɗan banza, likitan kake cuta ko kanka?" Ya ce kowa haka yake yi, in je in ji da gumagumaina.

Ya yi suna da wuri. Suna da wata al'ada, bayan wasa wanda ya fi kowa tare duka da jiki a ɗora masa wata tsohuwar hular kwano ta masu saran itace, a yi masa tafi. Hotunansa da hular nan sun cika wayata. A kaka ta biyu wani ya haɗa shi da katangar fili, kansa ne ya fara buguwa. Na gani a talabijin, ya miƙe ya nufi bencin abokan hamayya. Washegari aka yi masa gwajin ya ci, domin ya yi daidai da ƙaryar da ya yi da farko. Aka mayar da shi fili. Kuma ba sau ɗaya aka yi hakan ba.

Likitan bai yi ha'inci ba, abin da ya gani ya rubuta. Amma koci tsohon ɗan wasa ne, mataimakinsa ma haka. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin sa kayan nan ya san yadda ake cin gwajin, kuma suna ganin yaron yana runtse ido in an kunna fitilun fili. Ba wanda ya tambaye shi, don amsar za ta rage musu ɗan baya guda.

Sai ya fara makara, faifan ya wuce kafin ya zube. Suka ba da aronsa ga wata ƙaramar ƙungiya, ita kuma ta miƙa shi ga wadda ba ta kai ta ba. Yana shekara ashirin da huɗu wayarsa ta daina ƙara. Babbar ƙungiyar ta sanar wai ya ajiye sanda don raɗin kansa, tana yi masa fatan alheri.

Ya dawo ɗakinsa na ƙuruciya, ya rataya bargo a taga. Sauna ma ya daina shiga, zafi yana juya masa kai. Mutane su tsayar da shi a kanti suna tambayar yaushe zai koma, ya ce sai gwiwa ta warke. A wurinmu ciwon gwiwa ba abin kunya ba ne. Da hunturu ya yi nauyi aka nemi masu hawa rufi su ture dusar ƙanƙara kafin ta karya gidaje, suka ɗauke shi ba tambaya. Wa zai tambayi Jalmari Heikura ko yana jin jiri? Da igiya a ƙugu yake aiki. Abokin aikinsa ya ce kwance ta ya yi don ya sauya ƙugiya, sai ya ga ya tsaya cak, ya buɗe hannuwa kamar mai neman bango.

Babbar ƙungiyar ta aiko furanni masu launin rigarta. An ce kafin wasansu sun yi shiru, sun ajiye hular kwanon a tsakiyar fili. Tuomo ya zo coci ranar jana'iza, yanzu shi ke horar da matasansu. Ya riƙe hannun Marjatta ya ce ɗanta bai taɓa kaucewa ba. Ta ce masa ta sani. Ni ban ba shi hannu ba. Na yi ta kallon sababbin haƙoransa ina tunanin yaran da yake ja gefe.

Ganina na ƙarshe da shi ranar Lahadi ne da rana, a gidan man da muke shan kofi. Baƙin tabarau ne a fuskarsa, a cikin ɗaki. Na ce ya bar aikin rufin nan, zan yi wa maigidana magana a nema masa wani abu a ƙasa. Ya ce lafiyarsa lau. Na ce to ya nuna mini. Muka fita wajen motata, ya cire tabarau, ya rufe ido, ya ɗaga ƙafa ɗaya. Ko numfashi bai gama ja ba ya tafi gefe, na cafe shi. A nan na ji yadda ya rame a cikin rigar sanyi. Ya daɗe bai sake ni ba, sannan ya yi 'yar dariya.

"Ka ga yanzu na ƙware. Da likitan zai gan ni, cewa zai yi ban canza ba ko kaɗan."

"Jallu, don Allah kada ka hau gobe."

"Kaɗan ya rage, kuma na riga na ce musu ina zuwa." Ya mayar da tabarau. "Kada ka gaya wa Mama. Ita har yanzu gwiwa ta sani."

Na ce zan gaya mata, ko yana so ko ba ya so. Ya riƙa murza dusar ƙanƙara da takalmi.

"To bari in gama. Ranar Laraba mu gaya mata tare. Kai za ka fara magana, sarkin surutu, ka fi ni baki."

"Laraba," na ce.

"Laraba. Ka zo da wuri, za ta gasa burodi."