Muryar Sambo da Aka Goge

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sambo, kuma har yau in na tuna abin da aka yi wa aikinsa bayan ransa, sai zuciyata ta tafasa. An sha ce mini in yi haƙuri, mamaci addu'a yake so. Addu'a kam ina yi masa, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Amma ba zan ƙara haɗiye maganar nan ba.

In ka tambayi dattawan gidanmu a Bodinga wane ne Sambo, za su ce maka manomin albasa ne. Gaskiya ne, yana noman albasa, ba kuma wata ta kirki ba, don mun sha yi masa tsiya cewa tasa ko hawaye ba ta sawa. Abin da ba za su faɗa ba shi ne yana da rumfar kallo a bayan tasha, inda yake nuna katun na jarumai bayan la'asar, shi kuma yana gefe da lasifika yana fassarawa. Ranar kasuwa ya ɗaure talabijin da ɗan janareto a bayan babur, ya nufi Dandin Mahe ko Kajiji, ya dawo jikinsa duk jar ƙasa, murya a dishe.

Sambo yana da wata doka da ta sa mutane ke ce masa mai taurin kai. A wajensa, jaruman nan duka a duniya ɗaya suke zaune, ko da kowa na da nasa shiri mai dogon zango, ko da an haɗa su a babban fim. Abin da ya sami wannan a shirinsa shi ke biyo shi cikin fim ɗin wancan. Saboda haka ba ya nuna fim sai an ga shirye-shiryen da suka haife shi. Akwai wani jarumi da ya laƙaba wa suna Mai Tabo, wanda ya ji ciwo ran da ruwa ya ɓalle, ya kasa ceton wani ƙauye. Can gaba, a fim ɗin wani jarumin daban, aka nemi Mai Tabo ya tsallaka gulbi, ya tsaya ƙyam ya ƙi. Wanda bai san baya ba sai ya ce matsoraci ne. 'Yan rumfar Sambo kuwa shiru suka yi, don sun san abin da ke cin mutumin.

Ni mace ce, ban taɓa zama a rumfar ba. Amma a tsakar gida yake gwada fassararsa, ina tankaɗe, yana canza murya, yana tambayata ko ta yi. In na ce ya gaya mini ƙarshen, sai ya ce, "Ke dai ba ki da hanƙuri. Wa ka cin tuwo tun hatsi na zangarniya?" Daga baya ya riƙa ɗaukar muryarsa a kan kowane shiri, ya jera su bi da bi a cikin wani babban memori, don mutanen ƙauyukan da ba ya iya kaiwa da damina. Aikin shekaru ne.

Zazzaɓi ya kwantar da shi, ba a daɗe ba rai ya yi halinsa. Ya bar matarsa Hajo da 'yarsu Luba tana goye. Ba a tashi zaman makoki ba Baffa Ladan, ƙanen mahaifinmu, ya shiga ɗakin Sambo ya ɗauki memorin. Ya kai wa mai tura fina-finai a waya, ya ce a share abin da ke ciki, a cika shi da karatu da wa'azi, a ba masallaci, ya zama sadaka mai gudana ga mamaci. Da na ji, na je na durƙusa na tambaye shi. Ya ce, "Wanga abu wasan yara na. So kike a riƙa tuna ɗan'uwanki da zanen aljanu?"

Kada wani ya juya mini magana. Ban ce karatu ba shi da lada ba, kuma ina fatan ladan ya isa kabarin Sambo. Amma memori ya ƙare a kasuwa ne? Me ya hana a sayi sabo a cika shi, a bar wa marainiya muryar ubanta? Ba a tambayi Hajo ba don tana takaba, ba a tambaye ni ba don ni ƙarama ce. Kunyar sana'arsa suke ji tun yana raye, sai suka fake da sadaka. Daga ranar kuma ba a ƙara ambaton rumfar nan a gidanmu ba.

Abin da ya tsira shi ne guntayen da mutane suka taɓa turawa a wayoyinsu. Yau suna yawo a shagunan Bodinga da Shagari, an yanyanka su, an cakuɗa, wani ma ya manna sunan shagonsa a kai. Jarumin da aka binne a wannan guntu, a na gaba sai ka gan shi yana dariya. Da Sambo zai ga yadda yara ke kallonsu yanzu, a fara daga tsakiya, a tsallake da ɗan yatsa, na san sai ya fizge wayar ya zaunar da su ya faro daga tushe. Zai yi faɗa, su kuma su yi ta dariyar faɗan, don bai iya fushi ya daɗe ba.

Watan jiya na je Shagari wajen Hajo, inda ta sake aure. Ina shiga na ji yayana yana magana a cikin ɗaki. Luba ce kwance a tabarma da wayar uwarta, tana bin maganarsa kalma da kalma, ta haddace. Na tambaye ta ko ta san mai fassarar. Ta ce, "A'a Goggo, wani mutum na dai mai ban dariya. Shi nike so, sauran ba su iya ba."

Hajo ta sunkuyar da kai. An ja mata kunne tun tana takaba kada ta gaya wa yarinyar sana'ar ubanta, kuma ta riƙe. Ni kuwa na zauna kusa da yarinyar na ce, "Wagga murya ta babanki ta."

Luba ta mayar da guntun farko, ta kara wayar a kunne, ba ta ko kallon hoton. Da ya ƙare ta ce, "Goggo, ina sauran?"

Abin da ya rage na Sambo ke nan: rumfar ta zama wurin facin taya, albasarsa ba mai tunawa, sai murya a gutsure da 'yar da ta so ta tun ba ta san ta wane ne ba. Na gaya wa Luba ranar Juma'a zan zo in kai ta gaida Baffa Ladan, ta tambaye shi da bakinta.