Ƙotar bindigar Baba

Shekarun baya, a shekarar farin da gero ya ƙone tun yana kai gwiwa, ina saurayi da gizagona a wani ƙauye tsakanin Bici da Ɗambatta. Sana'ata sassaƙa ce, ƙotar fartanya da ta garma, sai turmi idan an samu itace. Mahaifina kuwa maharbi ne, kuma a duk yankin an san idan ya saita abu to a ɗora tukunya. Ya so ƙwarai in gaje shi. Sau ɗaya ya aro mini bindigar wani abokinsa ya ce in harbi kututturen dabino, na kashe ido na saki, sai ga reshen mangwaron maƙwabci ya faɗo. Daga ranar ya sallama ni, sunana a bakinsa ya koma "mai fartanya".

Ƙasarmu gona ce a jikin gona, babu wani dajin kirki. Abin da ake samu zomo ne da zabin daji a kurmin bakin rafi, wajen Watari. Amma a shekarar da rumbu ya zama fanko, wannan ɗan naman shi ne ya riƙe gidanmu. Wani a ci, wani mahaifiyata ta ba da a musanya mata da tsaba.

Sai Baba ya fara kuskure. Ya fita ya dawo hannu rabbana, gobe ma haka, albarushi na ƙarewa. Masu surutu suka ce an ɗaure bakin bindigar, aka yi rubutu aka wanke mata, ba ta canza ba. Shi kuwa abin da ke cinsa daban ne. Mahaifinsa a daidai irin shekarunsa ya makance, saboda haka ya yanke wa kansa hukunci cewa nasa idon ne ya kama hanya. Mutumin da ba ya zama wuri ɗaya ya koma yini a zaure, yana ɗaga tafin hannunsa yana kallo, yana matso da shi yana nisantawa. Wannan abu ya fi yunwar yi mini ciwo.

Ranar kasuwar Ɗambatta da safe ya kira ni. Bindigar tokarsa na kwance a kan tabarma, wadda tun da aka haife ni ko da wasa ban taɓa sa mata hannu ba.

"Ɗauki ka kai kasuwa," ya ce. "Duk abin da aka ba ka, ka auno gero. Makaho ba ya ajiye bindiga."

Na saɓa ta a kafaɗa na kama hanya. Ban yi nisa ba na ji wani abu da hannuna ya sani: duk takun da na yi, sai ƙarfen ya ɗan motsa a cikin itacen. Na tsaya gindin wata tsamiya, na riƙe ƙotar, na girgiza bututun. Yana girgiɗi kamar haƙorin tsoho. Kaɗan ne, amma ni da nake yini ina gyara fartanyar da ruwanta ya saki, na san wannan ciwon. Zafin shekarar ya tsotse itacen ya tsuke, fatar da aka ɗaure su da ita ta tsattsage ta saki. Ido na duban wuri ɗaya, ƙarfe na zamewa wani wurin a lokacin da wuta ta tashi. Baba bai ji ba saboda a daidai nan yake damƙe ta idan yana tafiya, kuma ya riga ya sa wa ransa cewa laifin idonsa ne.

Na daɗe a tsaye. Idan na juya, daren nan babu tuwo a gidanmu, kuma kasuwa sai wani mako. Idan kuma lissafina bai yi daidai ba, na haɗa wa tsoho yunwa da kunya. Na juya ɗin dai.

Mahaifiyata ce ta fara ganina. Ta dubi kafaɗata, ta dubi buhun da na tafi da shi a naɗe.

"Ina geron?"

"Inna, ki ba ni kwana biyu. Ba idonsa ba ne."

Ta ɗauki ƙwarya ta fita tsinkar tafasa. Baba kuwa da ya ji, cewa ya yi, "Mai fartanya, bindiga ba fartanya ba ce." Na ce, "Baba, ƙota dai ƙota ce." Ya juya mini ƙeya, amma bai hana ni ba.

Na zauna da ita a rumfata. Na share kwarmin da bututun ke kwanciya, na fere siririn itacen marke na cike inda ya yi rata, ina gwadawa ina ragewa har ƙarfen ya zauna daram. Fata ba ta wuya a shekarar, shanu na ta mutuwa. Na yanko ɗanya, na ɗaure tamau, na sa a inuwa ta bushe ta ƙara kamawa. Kwana biyun nan tafasa muka ci da ɗan gishiri, kuma duk loma sai in ji kamar ni na jawo.

Da na kai masa, ya ƙi karɓa. Mahaifiyata ta fito da sakaina, ta je da kanta ta maƙala a jikin kukar bayan gida, ta dawo ta tsaya a kansa.

"Malam, ɗanka ya hana mu tuwo saboda kai. Ka tashi ka harba, ko ka samu ko ka rasa."

Ya tashi a hankali. Da ya ɗora ta a kafaɗa na ga ya ɗan dakata, ya girgiza ta, ya kalle ni. Sannan ya saita. Hayaƙi na washewa muka ga babu sakaina, sai ɓaraguzai a ƙasa. Ya shiga ɗaki ya ɗauko jakarsa.

Kafin la'asar ya dawo da zabi biyu. A gidanmu, kamar kowane gida, ƙundu na maigida ne, ko yaro ya san ba a taɓawa. Muna cikin ci sai ya sa hannu a kwanonsa, ya ɗauko ƙundun ya ajiye a nawa, ya ci gaba da cin abincinsa kamar bai yi komai ba. Ƙannena suka saki baki.

Baba ya yi shekaru da yawa bayan nan, kuma har ya koma ga Allah da idonsa yake sa zare a allura. Ni har yau ko rumbu aka ce in harba ba na ba da tabbaci. An yaba mini aiki a wurare da dama, na yi ƙofofin masallaci an sa mini albarka, amma idan aka tambaye ni ladan da na fi alfahari da shi, ƙundun zabon nan nake tunawa. Bai taɓa daina kirana mai fartanya ba, sai dai daga ranar nakan amsa da ƙarfi.