Amatullahi da Asibitin Bakin Kurmi

Amatullahi Dodo ba ta iya zama wuri guda ba. 'Yar Madarumfa ce. Ta zo Lyon karatun jinya a 2005, ta gama, ta samu aiki a wani asibiti kusa da Aubervilliers a gefen Paris, amma cikin shekara biyu ta sauya sashe sau uku. Yayanta Nazir, da ke aikin masana'anta a Saint-Fons kusa da Lyon, kullum faɗa yake mata, "Ke dai ki natsu mana, ƙanwata!"

A gidansa ta haɗu da Rachel, 'yar Kaduna, likitar dabbobi da ta dawo daga kurmin kudancin Kamaru. Suna cin tuwo Rachel ta ba da labarin wani maharbi da aka kama da gawar goggon biri. Naƙuda ce ta zo wa matarsa da gardama, asibiti tafiyar kwana biyu, mai mota kuma ya ce sai an biya shi da naman daji zai ɗauke su.

"Matar fa?" in ji Amatullahi.

"Ba ta kai ba."

"Kuna can kuna gadin birai, mutanen wa ke duba su?"



Tun daga ranar Amatullahi ta zama 'yar jirgin ƙasa, yau Paris, jibi Lyon, da takardu a jaka. Abin da ita da Rachel suke so ƙarami ne: ɗakin haihuwa da na magani a bakin kurmi, ƙauyen da ya ajiye tarko da zarton yankan itatuwa a duba mutanensa. Ƙungiyoyin lafiya suka ce wannan zancen daji ne. Masu kare daji suka ce zancen lafiya ne. Ta yi fushi ta bari, bayan mako uku ta sake ɗauka.

Sai a 2014 wata ƙaramar ƙungiya ta amince. Ranar buɗe asibitin Amatullahi tana layi a ofishin baƙi, ana sabunta mata takardar zama, ba halin tafiya. Rachel ta kira ta daga Kamaru.

"Ƙawata, maharba tara sun kawo tarkunansu. An kuma haifi mace da safe."

Amatullahi ta share ido da gefen gyale, ta ce, "Alhamdulillahi. Ƙauyen gaba fa, kwana nawa ne daga nan?"