Fuskar da Yarinyar Ba Ta Nuna Ba

Assalamu alaikum, edita da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ina budurwa, ƴar Buza, a shekarar ƙarshe ta lakwal, wato makarantar koyon aikin jinya. Ina ji da kaina ƙwarai, don ni ce ta farko a gidanmu da ta sa farar riga. Kafin a ba mu takardar gamawa sai kowa ya rubuta bincike, ni kuma na zaɓi zafin da yara ke ji bayan an yi musu aikin tiyata. Aka tura ni wani asibiti a yankinmu na Adar, na tafi da kaye, wato littafin rubutu, da alƙalamin bik, da wani kwali mai zanen fuskoki a jere, daga mai murmushi har zuwa mai kuka. Yaro ya nuna wadda ta yi kama da abin da yake ji, mu kuma mu san maganin da za a ba shi. Ina ta yi wa abokaina burga cewa ko Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.

A sati na biyu aka kawo wata yarinya mai kamar shekara bakwai daga wani ƙauye na wajen Garhanga. Zazzaɓi ya huda mata hanji, aka buɗe cikin aka ɗinke. Kakarta ce ke jinyarta, wata tsohuwa siririya mai yawan jan carbi, wadda ba ta kallon mutum a ido. Duk lokacin da na miƙa kwalin, yarinyar takan karɓe shi da hannu biyu, ta dubi kakar, sannan ta ɗora yatsa a kan mai murmushi. Ni kuwa in rubuta babu ciwo, in wuce. Har na fara tsara abin da zan ce a babin tattauna sakamako: wai yaran Adar sun fi waɗanda ke cikin littattafan Turawa dauriya, don haka ba sa bukatar magani da yawa. Allah Ya yafe mini, daɗi nake ji.

Amma akwai abin da ke damuna a ɗakin nan da tsakar rana, lokacin da masu jinya ke fita neman inuwa. Sauran yara na kuka, na kiran uwayensu, gadonta kaɗai shiru kamar ba kowa. Tana kwance a miƙe, ido buɗe, ƙuda na sauka a goshinta ba ta kora. In na matso sai in ji wata ƴar ƙara, ƙurus, ƙurus, kamar ɓera na cin ƙwarya. Na duba ƙarƙashin gado har sau biyu ban ga komai ba. Wata tsohuwar ma'aikaciya, Kirista, wadda ta tsufa a aikin nan muke ce mata Inna, ta ja ni gefe ta ce in bar kwali in dubi ɗiyar. Ta ce ita yaron da ke ihu bai taɓa ba ta tsoro ba, wanda ya yi tsit shi ne abin gudu, kuma ƙarar da nake nema haƙoran yarinyar ne. Na ce to Inna, amma a zuciyata na ce tsohuwa ba ta karanta abin da na karanta ba. Ban gaya wa likita ba.

Rana ta huɗu da hantsi cikin ya kumbura ya yi tauri, jikin ya ɗau zafi. Ɗinkin ciki ne ya saki tun tuni. Aka koma da ita ɗakin aiki a guje, ba ta fito da rai ba. Likita ya ce da an san tana jin ciwo irin wannan, da an duba tun da wuri. Bai kalle ni ba da ya faɗa.

Kakar na ɗaure kayansu na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ba ta zarge ni ba, har yabon jikarta ta yi. Ta ce su a gidansu, tun kakanni, wanda ƙarfe ya taɓa ba ya kuka sai ya kwana bakwai, don in ya yi, masu dutse, wato iskoki, za su ji su biyo muryar su shiga ta bakin miki. Ta ce sun musulunta tun tuni, amma wannan ba ta iya sakinsa ba. Ita ce ta raɗa wa yarinyar cewa kada ta kuskura ta taɓa fuskar mai kuka. Ta ce ɗiyar ta riƙe amana har ƙarshe.

Bayan kakar ta tafi na ɗauki kwalin zan mayar cikin jaka, sai na ji wani gurbi a ƙarƙashin yatsana. Na juya shi. A baya, daidai fuskar nan mai kuka, farce ya ƙwaƙule takardar har ya kusa hudawa. Ashe duk ranar da take nuna mini murmushi da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana can baya yana gaya mini gaskiya. Kwana huɗu tana ba ni amsa, ni ban taɓa juya kwalin ba.

Na yage babin nan na sake rubutawa, na kuma sami takardata, amma da na sani ƙeya ce. Yau shekaru ke nan ina aiki, kuma har yanzu in ɗakin yara ya yi tsit da rana sai in ji ƙurus, ƙurus, ko da ba kowa a gado. Ƴan'uwana masu farar riga, abin da kuka rubuta a kaye ba shi ne yaron ba. Ku taɓa cikinsa, ku dubi hannunsa da muƙamuƙinsa, ku tambayi abin da aka raɗa masa a gida. Ku kuma iyaye, don Allah ku bar yaro ya yi kukansa a gaban likita. Kwalin yana nan a jakata, kuma duk ɗalibar da aka turo mini, bayansa nake fara nuna mata.